Kashi 50.9 Cikin Ɗari: Zaɓen Da Ya Cinna Wa Laberiya Wuta



Duk wanda ya yi zama kusa da barikin soja a Legas, ko Ibadan, ko Fatakwal a shekarun 1990, ya san kalmar ECOMOG tun kafin ya san ma'anarta. Za ka nemi wani soja da ka saba gani yana tsayawa sayen goro ko tsire, sai a ce maka ai ya tafi Laberiya. Wasu sun dawo lafiya, wasu sun dawo da ƙafa ɗaya, wasu kuwa sai dai iyalansu suka tattara kaya daga bariki suka koma gida. Yaƙin mun san shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda wutar ta samo asali. In ka tambaya, yawanci za a ce maka Charles Taylor ne. Gaskiya ne shi ya ƙyasta ashana, amma itacen da ya tarar busasshe an tara shi ne shekara huɗu kafin zuwansa, a wani zaɓen shugaban ƙasa da aka yi ranar 15 ga Oktoban 1985.

Kafin mu kai ga wannan rana sai mun ɗan koma baya, domin maguɗin zaɓe a Laberiya ba baƙo ba ne. Ɗan gida ne, a can ya yi wayo har ya yi furfura.

Ita dai Laberiya baƙaƙen fata 'yantattu daga Amurka ne suka kafa ta. Sun sauka a gaɓar tekun a 1822, suka ayyana 'yancin kai ranar 26 ga Yulin 1847, suka raɗa wa babban birninsu suna Monrobiya don girmama shugaban Amurka James Monroe. Sun zo da tuta mai kama da ta Amurka, da tsarin mulki irin na Amurka, da majalisa biyu, da zaɓe a kan lokaci. Abin da ba su zo da shi ba shi ne niyyar raba mulki da mutanen da suka tarar a ƙasar, wato su Kpelle, Bassa, Kru, Gio, Mano, Krahn, Mandingo da sauransu. Zuriyar waɗannan baƙi ba su wuce kimanin kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba, amma daga 1878 har zuwa 1980 jam'iyyarsu guda, mai suna True Whig, ita ke cin kowane zaɓen shugaban ƙasa. Shekara 102 ke nan ba ta taɓa faɗuwa ba.

Zaɓen da ya fi shahara a wannan zamani shi ne na 1927. Shugaba mai ci, Charles King, yana neman zango na uku. Abokin karawarsa Thomas Faulkner ɗan kasuwa ne, tsohon magajin garin Monrobiya. A lokacin sai namiji mai dukiya ke da ikon jefa ƙuri'a, shi ya sa masu rajista a duk ƙasar ba su wuce mutum wajen 15,000 ba. Da aka gama ƙirga, sai aka ce Faulkner ya sami ƙuri'a kimanin 9,000. Ku lura da kyau, 9,000 cikin 15,000 ai ya haura rabi. Shi kuwa King aka ce ya sami sama da 200,000. Wato an ƙirga ƙuri'un da suka ninka yawan masu zaɓe fiye da sau goma sha biyar. Littafin nan na Guinness, mai tattara abubuwan da suka zarce tsara a duniya, daga baya ya sa wannan zaɓe a matsayin wanda ya fi kowane zaɓe maguɗi a tarihi.

Mutane kan ba da wannan labari don a yi dariya, ni ma na yi dariya ran da na fara jin sa. Amma akwai dalilin da ya sa King bai yarda ya sauka ba. Shekara ɗaya kafin zaɓen, a 1926, gwamnatinsa ta bai wa kamfanin taya na Firestone hayar filin da zai iya kaiwa eka miliyan ɗaya na tsawon shekara 99, a kan santi 6 kowace eka, don noman roba. Sannan akwai wata sana'a da ta fi wannan ƙazanta. Manyan jami'an gwamnati suna amfani da sojoji su kamo matasan ƙauyuka, a loda su a jirgin ruwa zuwa tsibirin Fernando Po, wanda ke hannun Sifaniya a lokacin, su yi aikin ƙarfi a gonakin koko, jami'an kuma su karɓi kuɗi a kan kowane kai. Faulkner da ya ga an murɗe masa zaɓe, sai ya kai ƙarar wannan ciniki waje. Majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta turo kwamitin bincike ƙarƙashin wani likita Bature, Cuthbert Christy. Rahoton ya fito a 1930, ya nuna cewa yadda ake kamo mutanen da wuya a bambance shi da farautar bayi. A watan Disamba na shekarar King da mataimakinsa Allen Yancy suka yi murabus.

King ya tafi, jam'iyya ta zauna daram. Faulkner ya sake tsayawa a 1931, ya sake faɗuwa. William Tubman ya hau mulki a 1944, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1971. Shi ne ya bai wa mata da 'yan asalin ƙasa masu biyan harajin bukka damar zaɓe, kuma a takarda wannan ci gaba ne. A aikace kuwa sai ya zama an ƙara wa jam'iyya yawan sunayen da za ta ƙirga wa kanta. Ma'aikacin gwamnati ana yankar albashinsa a zuba a asusun jam'iyya, ko ya so ko ya ƙi. A 1951 wani ɗan ƙabilar Kru, Didwho Twe, ya yi yunƙurin tsayawa, aka hana shi, ƙarshe sai da ya gudu ya bar ƙasar. A zaɓen 1959 Tubman ya sami ƙuri'a sama da rabin miliyan, wanda ya tsaya da shi aka ba shi 55.

A nan mai karatu zai iya tambaya, mutumin da ke da soja da 'yan sanda da kurkuku, me ya kai shi wahalar da kansa da akwatin zaɓe, har ya sanar da lissafin da ko yaro ba zai yarda da shi ba? Ba Tubman kaɗai ba ne. A 1970 Mobutu na Kwango ya tsaya shi kaɗai, aka raba wa mutane kati biyu, kore na amincewa da ja na ƙi, kuma a gaban jami'ai kake jefawa. An ce mutum sama da miliyan 10 sun jefa kore, 157 kacal suka jefa ja. A 2002 Saddam Hussaini na Iraƙi ya sanar da cewa ya sami kashi 100 cif, ba wanda ya yi rashin lafiya, ba wanda ya yi kuskuren dangwale. A ganina irin wannan lissafi ba don a yarda da shi ake sanar da shi ba. Saƙo ne ga talaka da ɗan adawa, cewa ka san ƙarya ce, na san ka sani, kuma ba abin da za ka iya. Sannan duk hakimi da malamin makaranta da baturen zaɓen da ya sa hannu a takardar sakamako ya zama abokin laifi, gobe ba shi da bakin magana.

Zaɓen 1985 daban yake da waɗannan, kuma bambancin shi ne abin da ya sa na zaɓe shi.

Mulkin True Whig ya fara tangal-tangal ne a kan shinkafa. A 1979 gwamnatin William Tolbert, magajin Tubman, ta kawo shawarar ƙara kuɗin buhu daga dala 22 zuwa 26. Ranar 14 ga Afrilu mutane suka fito zanga-zanga a Monrobiya, aka buɗe musu wuta, aka kashe gommai. A ƙarshen shekarar wani malamin jami'a, Amos Sawyer, ya fito takarar magajin gari a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Da gwamnati ta ga alamar zai iya ci, sai ta ɗage zaɓen. Jam'iyyar da ta shekara ɗari tana cin kujerar shugaban ƙasa ta ji tsoron kujerar magajin gari.

Da asubahin 12 ga Afrilun 1980 wasu ƙananan sojoji 17 suka kutsa fadar shugaban ƙasa suka kashe Tolbert. Jagoransu wani saje ne ɗan shekara 28, Samuel Doe, ɗan ƙabilar Krahn, ƙaramar ƙabila daga yankin Grand Gedeh. Bayan kwana goma aka ɗaure manyan jami'an tsohuwar gwamnati 13 a jikin turaku a bakin teku aka harbe su a gaban 'yan jarida. Shugabannin Afirka sun ƙyamaci abin, domin Tolbert ne shugaban Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a lokacin. A cikin gida kuwa talakawa rawa suka yi a kan titi. Karo na farko ke nan da ɗan asalin ƙasa ya zauna a wannan kujera, kuma mutane da yawa sun ɗauka wahala ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Cikin 'yan shekaru Doe ya kashe ko ya kori yawancin abokan juyin mulkinsa, ya cika soja da manyan muƙamai da 'yan ƙabilarsa. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne babban kwamandan soja, Thomas Quiwonkpa, ɗan ƙabilar Gio daga yankin Nimba, mutum mai farin jini a bariki da waje. A 1983 suka ɓata, Quiwonkpa ya yi gudun hijira. Ku riƙe wannan suna da wannan yanki.

To me ya tilasta wa Doe yin zaɓe? Kuɗin Amurka. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma Amurka tana da kadarori masu muhimmanci a Laberiya: tashar isar da shirye-shiryen Muryar Amurka, da tashar sadarwa, da tashar da ke yi wa jiragen ruwa jagora, da damar amfani da filin jirgin sama na Roberts. Doe ya rufe ofishin jakadancin Libiya, ya rage jami'an Tarayyar Sobiyet, ya maido hulɗa da Isra'ila. A sakamakon haka, tsakanin 1980 da 1985 Amurka ta zuba masa tallafin da ya kai kimanin dala miliyan 500, fiye da abin da ta bai wa ƙasar a duk shekarun da suka gabata. A 1982 Shugaba Reagan ya karɓe shi a fadar White House, har ya yi tuntuɓen harshe ya kira shi Moe maimakon Doe. Sai dai majalisar dokokin Amurka ta fara ƙorafi, tana tambayar dalilin da za a riƙa ciyar da sojan da ke harbe mutane. Sharaɗin ci gaba da samun kuɗi shi ne a koma mulkin farar hula. Don haka Doe bai buƙaci lissafin da zai tsorata 'yan Laberiya ba, tsoro kam suna da shi. Ya buƙaci lissafin da za a iya karantawa a majalisar Amurka ba tare da an fashe da dariya ba.

Maguɗin ya fara tun kafin a buga takardar ƙuri'a ko ɗaya, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya kamata a duba da kyau. An naɗa Amos Sawyer ya jagoranci rubuta sabon tsarin mulki, ya rubuta wa'adin shugaba shekara 4, kafin a kai shi ƙuri'ar raba gardama a 1984 an mayar da shi 6. Tsarin ya ce sai ɗan shekara 35 zai tsaya takarar shugaban ƙasa, Doe kuwa bai kai ba, sai ya gyara shekarar haihuwarsa ta koma 1950. Ya kafa dokar soja mai lamba 88A, wadda ta mayar da yaɗa jita-jita ko ƙarya a kan gwamnati babban laifi, kuma gwamnatin ce ke yanke hukuncin mene ne ƙarya. Da Sawyer ya nuna yana da ra'ayin siyasa sai aka kama shi. Ɗaliban Jami'ar Laberiya suka yi bore, ranar 22 ga Agustan 1984 sojoji suka shiga harabar jami'ar da harbi da duka da fyaɗe. Jam'iyyu biyu da suka fi kowa jama'a, ta Sawyer da ta Baccus Matthews wanda ya jagoranci zanga-zangar shinkafa, aka hana su rajista, wai suna da aƙidar gurguzu. Waɗanda aka bari kuma aka ɗora musu kuɗin rajista mai nauyi, aka yi ta jan su a kotu, wasu ba su sami izinin fara yaƙin neman zaɓe ba sai da lokaci ya ƙure. Wata fitacciyar 'yar adawa, Ellen Johnson Sirleaf, ta soki gwamnati a wani jawabi da ta yi a Amurka, tana dawowa kotun soja ta yanke mata shekara 10, sai da matsin lamba daga waje ya sa aka sake ta.

Duk da haka mutum uku suka tsaya da shi. Akwai Edward Kesselly, akwai wani malamin makaranta Gabriel Kpolleh, sai kuma ɗan takarar jam'iyyar LAP, Jackson Doe. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba su da dangantaka da Samuel. Jackson Doe tsohon ministan ilimi ne, kuma ɗan Nimba ne.

Ranar zaɓe mutane suka fito tun da duhu, suka yi dogayen layuka, suka jira cikin haƙuri. Yawancinsu wannan ne karo na farko a rayuwarsu da suka ga takardar ƙuri'a mai ɗauke da zaɓi na gaske. Ƙa'ida ta ce a ƙirga ƙuri'u a rumfunan zaɓe a gaban wakilan jam'iyyu, kuma an fara hakan. Abin da ya fara fitowa daga rumfuna, da abin da 'yan jarida da masu sa ido suka tattara, ya nuna Jackson Doe ne a gaba da rata mai yawa. Nan take shugaban hukumar zaɓe, Emmett Harmon, ya ce ba a yarda da wannan ƙirgar ba. Aka kwashe akwatuna zuwa Monrobiya. Aka naɗa wani kwamiti na mutum 50, wanda babu shi a dokar zaɓe, cike da magoya bayan Doe, aka ce su ne za su ƙirga, kuma ba a bar wakilin jam'iyyar adawa ya zauna a wurin ba. Ana cikin haka aka gano tulin takardun ƙuri'a da aka ƙona a wajen gari, hotunansu suka fito a jarida.

Sati biyu aka yi ana jira. Ranar 29 ga Oktoba Harmon ya sanar da cewa Samuel Doe ya sami kashi 50.9 cikin ɗari, Jackson Doe kashi 26.4, sauran biyun kowannensu kashi 11 da 'yan kai.

Ku dubi wannan lamba. Tsarin mulkin da aka amince da shi ya ce sai ɗan takara ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a je zagaye na biyu, inda 'yan adawa za su iya haɗe kai a bayan mutum ɗaya. Kashi 50.9 ya tsallake wannan rami da ƙyar. Kuma ya yi nesa da 99 ɗin su Mobutu, ya yi kama da sakamakon da ake samu a ƙasashen da ake zaɓe na gaskiya. Tela ne ya auna ya ɗinka shi daidai jikin mai saye. Mai sayen kuwa ya saya. A watan Disamba, Chester Crocker, babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka mai kula da Afirka, ya bayyana a gaban kwamitin majalisar dattawa. Ya amince akwai kurakurai, amma ya kafa hujja da ita kanta lambar, ya ce shugabannin Afirka masu ci sun saba iƙirarin kashi 95 zuwa 100, wannan kuwa kashi 51 kawai ya ce ya samu, don haka mafarin dimokuraɗiyya ne ko da bai cika ba. Wato ɓarawo ya sami yabo saboda bai kwashe kayan ɗakin duka ba. Majalisun Amurka biyu sun zartar da ƙudurin neman a dakatar da tallafi, amma ƙudurin ba na tilas ba ne, gwamnatin Reagan ta ci gaba da hulɗarta. A farkon 1987 sakataren harkokin waje George Shultz ya je Monrobiya da kansa ya yaba da ci gaban da ya ce an samu.

'Yan Laberiya ba su saya ba. Sirleaf ta ci kujerar sanata a wannan zaɓe, ta ƙi karɓa. Ranar da aka sanar da sakamako Monrobiya tsit ta yi kamar gidan makoki.

Kwana 14 bayan sanarwar, ranar 12 ga Nuwamba, Quiwonkpa ya shigo ta iyakar Saliyo da 'yan mutane kaɗan, ya kama gidan rediyo, ya sanar da cewa an kifar da Doe. Abin da ya biyo baya shi ne ƙuri'ar gaskiya da aka hana ƙirgawa. Dubban mutane suka cika tituna suna rawa, suna yayyaga allunan hoton Doe, masu ɗaukar hoton talabijin suna ɗauka. Kafin yamma Doe ya kira dakarun da ke masa biyayya daga barikin Schieffelin, ya ƙwace gari. Bayan 'yan kwanaki aka kama Quiwonkpa aka kashe shi, aka yi gunduwa-gunduwa da gawarsa a bainar jama'a. Hotunan murnar nan suka zama shaidar da ake bi ana kamo mutane. Wani ɗan jaridar talabijin, Charles Gbenyon, a fadar shugaban ƙasa aka kashe shi. Aka kama Jackson Doe, aka sake kama Sirleaf. Sannan sojoji suka juya kan 'yan Gio da Mano, a Monrobiya da can Nimba, kan mai uwa da wabi. Ɗaruruwa aka kashe, wasu ƙiyasin ma sun kai 3,000. Ranar 6 ga Janairun 1986 aka rantsar da Samuel Doe a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa.

Ka sa kanka a matsayin saurayi ɗan Nimba a wannan shekara. Ka bi layi ka zaɓi ɗan yankinku, ya ci, an ƙwace. Sojan yankinku ya yi yunƙuri, an yanka shi. An zo ƙauyenku an kashe babanka ko wanka. Babbar ƙasar da kake sa ran za ta tsawata ta ce ai an fara dimokuraɗiyya. Zaɓe na gaba sai bayan shekara 6, kuma mutumin nan ne zai sake naɗa masu ƙirga. Wace ƙofa ta rage maka?

Charles Taylor ba ɗan Nimba ba ne, ba kuma waliyyi ba ne. Tsohon jami'in gwamnatin Doe ne da aka zarga da sace kusan dala miliyan ɗaya, ya gudu Amurka, aka tsare shi, ya tsere daga kurkuku a 1985, ya sami horo a Libiya. Amma ya san inda ciwon yake. Ranar 24 ga Disamban 1989 ya tsallako daga Kwaddibuwa da mayaƙan da ba su kai 200 ba, kuma ta Nimba ya shigo. Sojojin Doe suka mayar da martani da ƙona ƙauyuka, matasan Gio da Mano suka yi ta tururuwa zuwa wajen Taylor. Cikin wata bakwai yaƙi ya iso Monrobiya. A ƙarshen Yulin 1990 sojojin gwamnati suka shiga cocin St. Peter, inda 'yan gudun hijira suka fake, suka kashe mutum wajen 600 a dare ɗaya.

Akwai wasu mutane a wannan labari da ya kamata mu, mazauna nesa da gida, mu tsaya a kansu. Su ne Mandingo, Musulmi 'yan kasuwa da masu motocin haya, waɗanda suka bazu a garuruwan wasu ƙabilu, ciki har da Nimba, shekara da shekaru, amma kullum ana yi musu kallon baƙi. Doe da ya rasa goyon bayan manyan ƙabilu sai ya jawo su jiki, ya bai wa wasu manyansu muƙamai. Da 'yan tawaye suka zo, ba su tambayi wane Bamandinge ne ya ci moriyar gwamnati wane ne mai ɗan teburinsa a kasuwa ba. An bi su gari-gari ana kashewa, an ƙona shaguna da masallatai, dubbai suka tsere Gini. Ba su suka ƙirga ƙuri'un 1985 ba, amma suna cikin waɗanda suka fara biyan bashin.

Ranar 24 ga Agustan 1990 dakarun ECOMOG suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, daga Najeriya, Ghana, Gini, Saliyo da Gambiya, kuma Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin. Taylor bai yarda da su ba, domin kowa ya san amincin da ke tsakanin Doe da Janar Babangida, har akwai sashen karatu a Jami'ar Laberiya da aka sa wa sunan Babangida. Saboda haka mayaƙansa suka huce a kan 'yan Najeriya mazauna ƙasar, suka tsare da yawa, suka kashe wasu, ciki har da 'yan jarida biyu, Krees Imodibie da Tayo Awotunsin. Shekara uku bayan nan shi ma Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yuni, kuma mu da ke kudu ba sai an ba mu labarin yadda tashoshin mota suka cika a wancan lokaci ba.

Ranar 9 ga Satumban 1990 Doe ya fito daga fadarsa ya je hedikwatar ECOMOG. Prince Johnson, wani ɗan Nimba da ya ɓalle daga Taylor, ya zo da mutanensa ya kama shi a nan. An yanke masa kunnuwa ana ɗaukar bidiyo, kaset ɗin ya zaga kasuwannin Afirka ta Yamma. Mutuwarsa ba ta tsayar da komai ba. Yaƙi ya ci gaba, da ɗan hutu a tsakani, har 2003, ya ci ran mutum kimanin 250,000, ya tsallaka Saliyo, ya ci ɗaruruwan sojojin Najeriya da biliyoyin daloli. A 1997 an yi zaɓe, Taylor ya ci da kashi 75, kuma a wannan karo ba a buƙaci ƙona ƙuri'a ba, kowa ya san in bai ci ba zai koma daji. Prince Johnson ya yi shekaru yana gudun hijira a Legas kafin ya koma gida ya zama sanatan Nimba. Taylor ya sami mafaka a Kalaba a 2003, a 2006 ya yi yunƙurin tserewa aka kama shi a Gamborun Ngala ta Jihar Borno, a bakin iyakar Kamaru, yanzu yana zaman ɗaurin shekara 50. Sirleaf, wadda ta ƙi karɓar kujerar sanata, ta ci zaɓen 2005 ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka.

Shi kuwa Jackson Doe, mutumin da mafi yawan masu sa ido suka yi imanin shi ya ci zaɓen 1985, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A 1990, da yaƙi ya tsananta a Monrobiya, ya fito daga inda yake ɓoye ya tsallaka yankin da ke hannun 'yan tawaye, inda mayaƙa da yawa 'yan yankinsu ne da suka ɗauki bindiga saboda abin da aka yi masa da su. An tarbe shi da murna. Ba a daɗe ba ya ɓace, kuma zargin da ya fi ƙarfi shi ne mutanen Taylor ne suka kashe shi, don Taylor ba ya son wani mai farin jini kusa da shi. Yau akwai babban asibiti a garin Tappita na yankin Nimba da ke ɗauke da sunansa.